TSUNTSU YA JA RUWA, TALAKA RUWA KE DUKA

 A wannan mako mun ɗauko wata magana wadda in mutum ya ji ta da fari sai ya ce ba tasa ba ce, watau maganar jirgin sama da jirgin ƙasa, da wanda ya fi ɓata iskar duniya a cikinsu. Mai kayan miya a kasuwar Tarauni ya iya cewa, "Ina ruwan biri da gada? Ni da ban taɓa taka matakalar jirgin sama ba, me ya haɗa ni da hayaƙinsa?" To, ɗan'uwa, dakata ka ji. Lalle da ruwanka, kuma rashin hawan naka shi ne ma ya mai da abin zalunci.

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma wannan tsuntsu na ƙarfe da ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano safe da yamma zuwa Abuja da Ikko ya karya wannan karin magana. Yana cikin masu jan ruwan, sa'an nan ya wuce abinsa bisa gajimare da manya a cikinsa suna shan sanyi, ruwan kuwa ya sauka a kan mai ɗakin ƙasa a Darmanawa da manomin Haɗeja. Abin da za mu nuna ke nan da lissafi, mu kuma nuna cewa maganin abin yana nan kwance a ƙasa, watau dogo, wanda mahukunta suka fara suka bari.

ABIN DA HAYAƘI KE YI

Duk man da aka ƙona, ko fetur ne, ko gas na manyan motoci, ko man jirgin sama wanda ɗan'uwan kananzir ne, yana fitar da wata iska da masana ke kira iskar kabon. Ba a ganinta, ba ta da wari, amma tana da nauyi. Kilo ɗaya na man jirgin sama in ya ƙone yakan haifi kilo uku da 'yan kai na wannan iska, domin yana haɗuwa da iskar da mu ke shaƙa. In ta hau sama ba ta watsewa kamar hayaƙin murhu. Wani kashi nata yakan zauna shekaru ɗaruruwa, ya zama kamar bargo a kan duniya. Zafin rana ya shigo, ya rasa hanyar fita duka. Wannan shi a ke kira ɗumamar yanayi.

In duniya ta ɗumama, bazara sai ta ƙara zafi, damina kuma ta rikice. Wata shekara ruwa ya ɗauke shuka tana ƙarama, wata shekara na wata guda ya zuba a kwana biyu. Ba labarin nesa mu ke ba ku ba. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. A azumin wannan shekara ta 2024 zafi ya kai maki 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan Kano kowa ya tuna yadda aka sha. Shekarar kuwa ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa.

Wani zai ce ai ruwa da zafi na Allah ne. Haka ne. Amma wanda ya toshe kwatar unguwa da shara, ruwa ya shiga gidan maƙwabcinsa, ba ya kuɓuta a gaban mai unguwa don ya ce ba shi ya saukar da ruwan sama ba. Haka wanda ya cika sama da hayaƙi.

MU AUNA DA SIKELI

Ku 'yan kasuwa ne, ba ku yarda da ciniki sai an auna. To, ga awo.

Gwamnatin Ingila takan fitar da lissafi kowace shekara na yawan hayaƙin da ke kan fasinja ɗaya in ya yi tafiyar kilomita ɗaya. A lissafinta na 2022, wanda ya hau jirgin sama a cikin ƙasa yana da giram 246. Wanda ya hau jirgin ƙasa yana da giram 35. Wanda ya hau jirgin lantarki da ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa Faransa, nasa kamar giram 4 ne. Watau fasinjan sama ɗaya ya yi hayaƙin fasinjan ƙasa bakwai.

Mu kawo awon nan gida. Daga Kano zuwa Abuja ta sama kamar kilomita 360 ne. In aka buga, hayaƙin mutum ɗaya ya tasam ma kilo 90, kusan nauyin buhun siminti biyu ke nan, a tafiyar da ba ta wuce awa guda ba. Ta dogo kuwa, in an haɗa Kano da Kaduna, kilomita 203, da Kaduna zuwa Abuja, kilomita 186, tafiyar ta kai kamar kilomita 390, hayaƙinta kuma kamar kilo 14. Jiragen Ingila da yawa da lantarki su ke tafiya, namu kuwa gas su ke sha, saboda haka mu yi adalci mu ninka na dogo sau biyu. Ya zama kilo 28. Har yanzu bai kai sulusin na sama ba.

Me ya kawo wannan bambanci? Abu uku ne. Na fari, jirgin sama sai ya ɗaga kansa da duk abin da ke cikinsa ya kai su can ƙololuwa, kuma a wajen tashi da hawan nan ne ya fi zuƙar mai. In tafiya gajera ce, kamar ta Abuja, yana gama hawa sai ya fara shirin sauka, an ƙona mai mai yawa a kan 'yar tazara. Na biyu, ƙafar jirgin ƙasa ƙarfe ce a kan ƙarfe, santsi gare ta, shi ya sa kan jirgi ɗaya ya ke jan taragai da yawa da ɗaruruwan mutane. Na uku, hayaƙin da aka zubar can sama ya fi ɓarna. Farin layin nan da jirgi ya kan bari a baya, wanda yara ke nunawa, yakan bazu ya zama siririn gajimare mai riƙe zafi.

KURA DA SHAN BUGU

Yanzu mu tambaya, wa ya ke hawa? Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2018 mutum 11 ne kaɗai cikin ɗari na mutanen duniya suka hau jirgin sama, kuma mutum ɗaya cikin ɗari, masu yawan hawa, su suka yi rabin hayaƙin jiragen fasinja duka. In haka abin ya ke a duniya baki ɗaya, to, ina ga ƙasar da kuɗin tikitin Kano zuwa Abuja ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci?

Ɗan Nijeriya, in an raba hayaƙin man ƙasar nan a kan kowa da kowa, rabonsa a shekara ya ɗan haura kilo 500. Wanda ya je Abuja ta sama ya komo ya yi kilo 180. Ashe zuwa uku kacal sun cinye rabon shekara guda na mutum ɗaya. To, akwai masu zuwa kowane mako, su tafi Litinin su komo Alhamis, da kuɗin baitulmali. Akwai kuma waɗanda ko jirgin haya ba su shiga, sai nasu na kansu, mutum huɗu ko biyar a cikin jirgi guda.

Idan zafi ya tsananta, mai hawan jirgi yana da injin wuta da na'urar sanyaya ɗaki. Mai tumatir a Tarauni kuwa, kwandon da ya saro da safe kafin la'asar ya fara ruwa. Mai kifi da mai nama su yi asara, mai sayar da fura nononta ya yi tsami. Ɗan dako da mai turin kurar ruwa su yini a rana. Idan ambaliya ta cinye shinkafar Haɗeja, mudu ya tashi a kasuwa, matar gida a Unguwa Uku ita za ta rage tukunya. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

GASKIYA KO A KAN WA

Ba al'adarmu ba ce mu ɓoye abin da abokan gardama za su kawo. Za su ce jiragen saman duniya duka hayaƙinsu bai wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari na iskar kabon ba. Gaskiya ne, ko da ya ke in an haɗa da ɓarnar can sama rabonsu a ɗumamar ya kai kashi uku da rabi. Za su ce Afirka duka ba ta kai kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin duniya ba, Ba'amurke ɗaya ya fi 'yan Nijeriya ashirin. Wannan ma gaskiya ne, kuma muna cikin masu cewa manyan ƙasashen da suka ɓata su ya kamata su fi kowa biya. Ko an tsai da kowane jirgi a Nijeriya gobe, zafin Kano ba zai sauka jibi ba.

Amma wanda ya ke zuwa taron duniya yana neman a biya shi diyyar ɓarna, ya kamata a ga tsakar gidansa a share. A 2021, a birnin Gilasgo, Shugaba Buhari ya yi wa duniya alkawari Nijeriya za ta kai matsayin da ba ta ƙara wa sama hayaƙi kafin 2060, ya komo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a wannan shekara. Bayan shekara biyu, da aka yi irin wannan taro a Dubai, sunan mutum 1,411 aka rubuta daga Nijeriya, gwamnati da bakinta ta ce ita ta biya wa 422. An tafi taron rage hayaƙi a cikin hayaƙi. A 2024 kuma, talaka yana cikin raɗaɗin cire tallafin fetur, aka ƙara wa fadar shugaban ƙasa wani babban jirgi. Da wane ido za mu dubi Turawa mu ce su rage?

Akwai kuma wata gaskiya wadda ta fi kusa da hancinmu. Hayaƙin da ke sa mutumin Gyadi-Gyadi tari ba na jirgin sama ba ne. Ku tsaya a bakin titin Zariya da magariba, daga shataletalen Dangi har tashar Unguwa Uku, ku ga tirela da tanka da bas da adaidaita sahu, kowa yana tuƙa nasa baƙin. A bakin wannan titi ne asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya ke, majiyyata suna shaƙa. A wancan lissafi na Ingila, mota ƙarama tana fitar da kamar giram 170 a kilomita ɗaya, saboda haka babban mutum shi kaɗai a bayan mota, ga ayarin motoci goma suna bin sa, ya ma fi fasinjan sama ɓarna. Babbar bas cike da mutane kuwa ba ta fi dogo hayaƙi ba.

To, a nan ne dogo ya yi fice, domin jifa ɗaya ne tsuntsu biyu. Yana sauko da manya daga sama, yana kuma kwashe lodi daga titi. A Amurka, inda a ke jigilar kaya da dogo ƙwarai, man da tirela za ta sha ta kai kaya wani wuri, jirgin ƙasa yakan kai ninki uku ko huɗu na kayan da shi. Sharaɗi ɗaya ne, jirgin ya cika. Jirgin ƙasa da ke jan taragai wayam asarar mai ne kawai. Ba kuwa zai cika ba sai kuɗinsa ya yi daidai da aljihun talaka, kuma ya riƙa tashi a kan lokaci.

DOGO NE YA GINA KASUWAR KANO TA ZAMANI

Ba baƙon abu mu ke roƙo ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanya ta buɗe har Ikko a 1912. Jirgin sama bai sauka a nan ba sai 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka zo daga Masar. Turawa ba don ƙaunarmu suka shimfiɗa dogo ba, don su kwashi amfanin gona ne, auduga ma su ke so. Amma manoma da fataken Kano suka juya abin ya koma gyaɗa, har aka yi dalar gyaɗa wadda ta kai sunan Kano da na Alhasan Ɗantata ko'ina. A 1929 dogo ya kai Ƙauran Namoda, a 1930 ya kai Nguru, a 1964 ya kai Maiduguri. Goro ya hau daga kudu, shanu da fatu da kirgi su gangara. Ɗan koli da jarinsa bai taka kara ya karya ba ya kan hau da ƙunshinsa ya je Ikko ya saro.

A 1964 reluwe ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Bayan shekara goma ba su kai miliyan 5 ba. Kuɗin man fetur ya zo, mahukunta suka mai da hankali ga kwalta da filayen jirgin sama, aka bar dogo ciyawa ta rufe shi. An gyara tsohon layin Ikko zuwa Kano, mai tsawon kilomita 1,126, aka sake buɗe shi a ƙarshen 2012, amma tafiyar takan ci fiye da awa talatin. Wa zai ɗora tumatirin Kadawa a jirgin da zai kwana ya yini ya sake kwana?

INA AKA KWANA?

Sabon dogo mai faɗi daga Abuja zuwa Kaduna an buɗe shi a 2016. Na Ikko zuwa Badun an buɗe shi a 2021. A watan Yuli na wannan shekara ta 2021 aka taru a Zawaciki, nan ƙasar Kumbotso, aka buga tambura aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano, aka yi ta alkawarin za a gama kafin gwamnatin ta sauka a 2023. Gwamnatin ta sauka, wata ta hau, shekarar 2025 ta zo ta tarar ba a buɗe shi ba. Layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, shi ma a 2021 aka fara shi.

In an tambaya sai a ce babu kuɗi, an yi ta jiran rance daga ƙasar Sin. To, amma kuɗin filin jirgin sama ba ya wuya. Jihohi suna ta rige-rigen gina nasu. An buɗe na Dutse a 2014, alhali daga Dutse zuwa filin jirgin Kano tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka a mota. Ku tambayi mutanen Jigawa jirage nawa ke sauka a mako in ba lokacin aikin Hajji ba. Sa'an nan ga wasan kwaikwayon da aka yi a watan Mayu na 2023, kwana uku kafin a miƙa mulki, da aka kawo jirgin kamfanin Habasha aka shafa masa fenti aka nuna a Abuja wai shi ne sabon jirgin Nijeriya. Ya koma inda ya fito, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Kowane gwamna yana son a ce ya gina wa manya wurin sauka. Wa zai gina wa talaka wurin hawa?

DA WUYA TA YI, SU MA SUN HAU

Kada kowa ya ce muku babban mutum ba zai iya zama a tarago ba. A 2017 an rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran titinsa, aka mai da jirage Kaduna, masu manyan riguna da yawa kuwa a jirgin ƙasa suka ƙarasa Abuja, ba wanda rawaninsa ya faɗi. Da masu satar mutane suka addabi hanyar Kaduna zuwa Abuja, sai ga 'yan majalisa da manyan hafsoshi suna layi a tashar Rigasa, har tikiti ya koma hannun 'yan bayan fage, talakan da aka ce don shi aka yi jirgin ya koma tsaye ko ya koma mota.

Ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan ta'adda suka dasa bam a wannan layi, suka kashe mutane, suka kwashi fiye da sittin zuwa daji, na ƙarshensu ba su fito ba sai watan Oktoba. Jirgin bai komo aiki ba sai Disamba. A wannan wata na Maris ɗin kuma jirgin Ikko zuwa Badun ya tsaya a dawa da fasinja don mai ya ƙare. Duk ranar da irin wannan ta faru, mai hali sai ya koma sama, marar hali ya koma titi ya sa ransa a hannu. Saboda haka tsaron dogo da kula da shi suna cikin maganar tsabtar iska, ba a raba su.

Game da sauri kuwa, ku lissafa. Mai tafiya Abuja ta sama zai isa fili awa guda kafin tashi, ya yi awa guda a sama, ya sauka ya yi tafiyar kilomita 40 kafin ya shiga gari. Wannan in jirgin ya tashi a kan lokaci ke nan, in kuma hazon hunturu bai rufe Kano an soke tashin ba. Jirgin ƙasa mai tafiyar kilomita 100 a awa zai kai shi cikin awa huɗu ko biyar, hazo ko ba hazo. Sau da yawa sauri ya kan haifi nawa.

GANI YA KORI JI

Alhazanmu shaidu ne. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa na lantarki tsakanin Makka da Madina, kilomita 450, yana cinye su cikin awa biyu da 'yan mintoci, a ƙasar da ta fi mu man fetur, ta fi mu rairayi da zafi. Maroko ta buɗe jirginta mai gudu tsakanin Tanja da Kasabalanka a wannan shekara. Tanzaniya ta buɗe na lantarki daga Darussalam zuwa Dodoma a 2024. Faransa kuwa a 2023 ta kafa doka ta hana jirgin haya tashi tsakanin garuruwan da jirgin ƙasa ke haɗawa cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Hanyoyi uku kaɗai dokar ta shafa, daga wani filin jirgi na Faris zuwa Bordo da Nant da Liyon, amma ta nuna inda aka dosa. Ku lura fa, Faransa sai da ta gina dogon sa'an nan ta yi dokar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA MU KE NEMA

Ba mu ce a karya fukafukin jirgin sama ba. Mai zuwa Hajji, da mai ƙetare teku, da majiyyacin da rai ke hannun Allah, da mai zuwa inda dogo bai kai ba, duk su hau lafiya. Ga abin da mu ke nema:

Na ɗaya, a gama layin Kaduna zuwa Kano. Ministan sufuri ya fito ya faɗi ranar buɗewa, ya faɗi nawa aka ranto, nawa aka kashe, a buga kowa ya gani, domin mu da 'ya'yanmu za mu biya bashin. Manoman da dogo ya ci gonakinsu kuma a biya su hakkinsu cif.

Na biyu, ran da aka buɗe, duk ma'aikaci da ɗan majalisa da kwamishina da minista da zai yi tafiya tsakanin Kano da Kaduna da Abuja da kuɗin jama'a, a jirgin ƙasa zai tafi. Mai son sama ya biya daga aljihunsa. Ran da manya suka san nan za su zauna, ran nan za a ga tsaro da tsabta da kiyaye lokaci.

Na uku, kada a ƙara zuba kuɗin talakawa a sabon filin jirgin sama a jihar da ke da wani kusa da ita.

Na huɗu, a ɗora haraji mai nauyi a kan jiragen da masu kuɗi ke hawa su kaɗai, a zuba kuɗin wajen sauƙaƙa tikitin ƙaramin aji. Wanda ya ɓata shi ya kamata ya biya.

Na biyar, a yi jirgin da ɗan kasuwa. A sa taragai masu wurin kaya, da na tumatir da albasa, da na dabbobi, da ma'auni bayyananne da rasit, ba cinikin bayan fage ba. A haɗa shi da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023. A kuma sa manyan bas masu araha daga tashar jirgi zuwa Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi da Hotoro, kada kuɗin zuwa tasha ya fi kuɗin jirgi.

Na shida, tun yanzu a yi shirin ranar da jirgin zai bar gas ya koma lantarki, tashoshinsa kuma a rufa su da allunan wutar rana. Ranar nan da ke ƙona mu ta yi mana aiki.

NAMU AIKIN

Mu ma da namu. Ƙarfen dogo da ƙusoshinsa dukiyar jama'a ce. Wanda ya kwance su ya sayar wa 'yan gwangwan, da wanda ya saya, sun haɗu a kan jinin fasinja. Kada ɗan kasuwa ya karɓi irin wannan kaya ko da a kyauta. Masu kasa kaya a kan layi su ja baya. Kwatocin unguwa a yashe su tun kafin damina ta faɗi.

Sa'an nan ku yi amfani da bakinku. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Tarauni da na Farm Centre, da na direbobi da 'yan dako a Unguwa Uku, su zauna su rubuta takarda ɗaya zuwa ga wakilin Tarauni a Majalisar Tarayya da sanatan Kano ta Tsakiya. Direbobi kada su ji tsoro, fasinjan da jirgi ya sauke a tasha mota ce za ta kai shi ƙauyensu. Mazaɓu goma ne a ƙaramar hukumar Tarauni. Duk ɗan takarar da ya shigo ɗaya daga cikinsu da atamfa da sabulu da taliya, ko na wace jam'iyya ne, har da tamu, ku tambaye shi abu biyu a gaban jama'a. A me ka zo daga Abuja? Yaushe kuma jirgin ƙasa zai tashi daga Kano ya kai mu can? In ya amsa ku rubuta ranar da ya faɗa ku ajiye. In ya yi ta kame-kame, to, kun san abin da za ku yi da ƙuri'arku.